Kujerar Jaye

Shekarar da aka yi babban taron ƙasa a Yamai, har ƙauyukan Gangara sai da suka kamu da ciwon kafa kwamiti. Jaye makiyayi ba ruwansa da wannan. Damuwarsa burtali: manoma sun yi ta yagarsa kaɗan-kaɗan, har shanunsa sun kusa rasa hanyar tafki. Ya ce a haɗu a rubuta wa kumandan na Agiye, mai mulkin yankin, takarda kafin shuka.

Aka taru a lakol, makarantar bokon garin. Nomau da Usmanu, waɗanda gonakinsu suka fi cin burtalin, su suka riga kowa zuwa. Nana mai fura ta zo da sunan mata, Mushe Hambali, malamin lakol ɗin, ya riƙe biro.

"Jaye ad da magana, shi za mu ba shugabanci," in ji Nomau.

Jaye ya ji daɗi har ransa, don ba a taɓa ba shi kujera a garin nan ba, balle mai jingina. Sai da ya zauna ya gyara malafa sannan Mushe ya faɗi doka: kowace jimla sai an ɗaga mata hannu, shugaba kuwa ƙirga hannuwa kawai yake yi.

Gaisuwa ta samu hannu huɗu. Da Jaye ya ce a rubuta cewa gonaki sun toshe burtali, Nana kaɗai ta ɗaga, saboda nonon furarta. Usmanu ya tambaye ta lafiyar kuɓewar da ta saba shukawa a bakin tafki, sai hannun ya koma gyaran kallabi.

Nomau ya ce abin kunya ne a aika gaisuwa tsura. Ya kawo tasa jimlar: shanu na ɓarna, a hana su bi ta nan daga shuka har girbi. Hannuwa suka tashi, har na Mushe, mai cin tuwon gidan Nomau. Da bakinsa Jaye ya ce huɗu.

"Ni hwa ban yarda ba," in ji shi.

"Takarda ba ta tahiya sai da yatsan shugaba," Mushe ya tura masa tawada. "In ka ƙiya, sai a zaɓi wani."

Jaye ya tuna shanunsa, ya shafa hannun kujera, ya dangwala.

Kumandan ya ga makiyayi da kansa ne ke roƙo, ya amince cikin mako guda. Ranar ruwan shuka Jaye ya kora shanunsa kudu. Nomau ya ɗago daga gonarsa da ke tsakiyar burtali ya ce, "Sauka lahiya, shugaba."