Ranar da Aka Sauko da Kofunan Mama

Mama tana da kofunan shayi iri biyu, kuma da su take auna darajar mutane. Akwai ƙanana na tangaran guda shida, masu zanen fure da bakin zinariya, kowanne zaune a kan ɗan farantinsa cikin kabad ɗin gilashin falo. Su muke kira 'yan gata. Akwai kuma manya masu hannu da ke kife a kicin, babu biyun da suka yi kama: wani mai tambarin banki, wani kyautar kantin magani, wani ɗauke da hoton wani mutum mai tulin gashi wanda duk gidan ba mu san shi ba. Su ne 'yan dako.

Ni ce 'yarta ta fari, shekarata talatin da huɗu, kuma sau uku na taɓa ganin an sauko da 'yan gata. Biyu daga ciki don a goge musu ƙura ne.

Kawu, ƙanen Mama, bakanike ne. Duk Asabar yakan rufe garejinsa ya zo ya duba abin da ya lalace mana, famfo ko fanka ko ƙofar da ke kuka. Ladansa shayi ne a kofin banki, wanda hannunsa ya taɓa ɓallewa, shi da kansa ya liƙe shi. Bai taɓa ƙorafi ba.

Wata Alhamis Mama ta kira ni ina wurin aiki, muryarta har rawa take yi. Na ɗauka Baba ne ba lafiya. Ashe Matar Darakta ce ta yi mata waya. Ajinsu ɗaya a sakandare, sun rabu shekara arba'in, amma Mama tana bin hotunanta a waya har ta san launin labulen kowane ɗakinta. Ta ce za ta zo ranar Asabar da ƙarfe goma.

Da na isa gidan ranar Juma'a, na tarar an kafa zaman shawara a falo.

"Ni dai a ganina a ba ta babban kofi," in ji Baba daga bayan jaridarsa. "Ya fi ɗaukar shayi, ya fi riƙe zafi."

"Mace mai mota uku zan miƙa wa kofin kantin magani?"

"Ai ba motocin za su sha ba."

Na ce ni damuwata ƙananan kurɓa uku ne sun ƙare, sai an yi ta ƙari. Mama ta dube ni kamar wadda ta yi asarar kuɗin makarantata.

"Manyan mutane ba sa shan shayi don ƙoshi. Taɓawa suke yi."

Aka sauko da 'yan gata, aka yi gwaji da ruwan sanyi. Baba ya zura yatsa cikin hannun kofinsa, yatsan ya ƙi fita sai da muka sa sabulu. Nan take aka yanke masa hukunci: zai gaisa da baƙuwa, ya ce ya riga ya sha nasa. Su kuwa 'yan dako aka kwashe su cikin kwali, aka tura ƙarƙashin gado, kada baƙuwa ta leƙa kicin ta gano cewa a gidanmu ana shan shayi.

Saura matsalar Kawu. Mama ta kira shi da murya mai zaƙi.

"Ƙanena, gobe ka huta mana. Kana wahala da yawa."

"Yaya, na riga na sayo robar famfon nan."

"To ka shigo ta ƙofar baya. Ka tsaya can wajen famfon."

Aka ciro masa kofinsa daga kwali, don Mama ba ta da rashin adalci.

Ranar Asabar, ƙarfe goma ta yi, shayi ya haɗu. Sha ɗaya ta yi, aka zubar aka sake wani. Mama ta canza mayafi sau biyu, ta hana kowa zama a kan doguwar kujera don kada matasan su lotse. Sai wajen sha biyu muka ji wani abu yana tari a ƙofar gida. Na leƙa. Wata doguwar baƙar mota ce, tana tafe tana jijjiga, hayaƙi na bin ta a baya. Daga cikin ukun, wannan ta zaɓa ta zo da ita.

Matar Darakta ta shigo, turarenta ya riga ta. Ta rungume Mama.

"Monita, ba ki canza ba ko kaɗan."

Monita ake kiran Mama a makaranta. Tun asuba take ƙoƙarin canzawa, amma ta yi murmushi ta yi godiya.

Na kawo tire ina tafiya kamar mai ɗauke da jariri. Na zuba, na miƙa. Baƙuwa ta ɗaga kofin, ta juya shi, ta leƙa ƙarƙashinsa.

"Allah sarki, irin na kakata. Ashe har yanzu akwai su."

Ta ajiye ba tare da ta kai baki ba. Ta tambayi yara, ba ta jira amsa ba. Sannan ta gyara zama.

"Monita, an ce bakaniken nan na bayan tasha ƙanenki ne?"

Mama ta ce, "Ƙanena ne."

"Gareji uku na kai motar nan, kowa ya taɓa sai ta ƙara lalacewa. Kowa ce mini yake sai shi. Na je wurinsa, ya ce in bi layi, sati uku. Ni, layi. Sai aka ce mini duk Asabar yana gidan yayarsa. Da na ji ko wace ce yayar, na ce ai ta gida ce."

Na kalli Mama. Murmushin yana nan a fuskarta, amma kamar an manta shi ne a wurin. Baba ya ɗaga jaridarsa sama sosai, kafaɗunsa na motsi.

"Ke, kira kawunki," in ji Mama.

Kawu ya shigo falon da aka hana shi shiga, da baƙin mai a gwiwar wandonsa da kofin banki a hannunsa. Matar Darakta ta miƙe tsaye ta gaishe shi, abin da ba ta yi wa Baba ba. Ya saurare ta yana kurɓar shayinsa, sannan ya dubi Mama.

"Yaya, in duba mata?"

"Duba mata mana. Ai ta gida ce."

Suka fita. Kawu ya buɗe bonet, ita kuma ta ja bencin da ke inuwar katanga ta zauna don ta sa ido. Muka rage mu uku a falo da kofuna shida suna huce wa juna. Bayan kamar rabin awa baƙuwar ta ƙwala mini kira.

"'Yata, ko za ki ba ni shayin nan? Amma a babban kofi irin na kawunki. Waɗancan ba sa kai wa maƙoshi."

Na durƙusa na jawo kwali daga ƙarƙashin gado. Wanda hannuna ya fara kaiwa gare shi na ɗauka, mai hoton mutumin nan mai gashi. Na wanke, na cika, na kai mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta kai baki, sai ta tsaya tana kallon hoton.

"Wannan ai maigidana ne. Lokacin bikin cikar kamfaninsu shekara goma, yana da gashinsa. Monita, zo ki gani, ashe kuna da shi."

Mama ta fito bakin ƙofa. Shekara ashirin ana ɗiban gari da Darakta a kicin ɗinmu, wani lokaci a jiƙa maɓallan riga a cikinsa.

"Ai shi ya sa muke adana shi," in ji Mama. "Ba kowa muke ba wa ba."

Matar Darakta ta ji daɗi ƙwarai. Ta sha kofi biyu, ta ɗauki hoton kofin ta tura wa mijinta. Ita da Kawu suka yi ta hira a kan mai da batir, tana dariya tana kiransa Injiniya. Da motar ta tashi lafiya lau, ta leƙo falo ta ce da Mama lallai su riƙa zumunci, don rayuwar nan ba ta da tabbas. Ta tafi.

Mama ta zauna a kan doguwar kujerar da ta hana kowa, ta cire mayafi ta ninke a cinya. A gaskiya ta ba ni tausayi, har na fara neman abin faɗa. Kafin in samu ta ce kada wanda ya kuskura ya zubar da shayin nan, madara ba kyauta ake ba ta ba. Haka muka shanye shi da sanyinsa, Baba yana riƙe da nasa ta ƙasa kamar mai shan magani. Kawu ya ce shi ya ƙoshi, ya koma ya ƙarasa famfonsa.

Da yamma maƙwabciyarmu ta shigo, wai aron ashana, ita da ke da murhun lantarki.

"Na ga babbar mota a ƙofarku."

"Ƙawata ce, Matar Darakta," in ji Mama tana gyara matashin kujera. "Awa biyu ta yi. Da ƙyar ta tafi."

"Ni shaida ne," in ji Baba. "Sai da aka canza mata fulogi huɗu."

Tun daga ranar Matar Darakta ta kira Mama sau biyu. Na farko lambar Kawu take nema. Na biyu ta ɓatar da ita ne.