Walda a Ƙafar Auta

Tun da aka rufe sashen masu taɓin hankali, aka sallami majinyata kamar an tashi kasuwa, allurar wata-wata da ke riƙe da Auta ta yanke. Babban wansa, mai walda, ya yi ta sintiri asibiti har takalminsa ya gaji. Kullum amsa ɗaya: ba gado, ba likita, a yi haƙuri. Shi kuwa haƙuri bai hana Auta jin muryoyi a kansa ba.

Wata rana da hantsi abin ya ɓaci. Auta ya ɓalle ƙofar ɗaki da kafaɗa, ya tarar da mahaifiyarsu tana wanki, ya kwaɗa mata bokitin ƙarfe a ka, wai ita ke turo muryoyin su zage shi. Jini ya wanke mata fuska. Ya faɗa titi a guje, ya kifar da teburin wani mai tireda, matasan unguwa suka rufar masa da sanduna da duwatsu. Da ƙyar mai walda ya kutsa ya kwanta a kansa, shi ma bayansa ya sha rabonsa. Wani ya rantse in aka sake ganin Auta a waje, gawarsa za a kai gida. Kuma ba wasa yake ba.

Mai walda bai yarda da kwaɗo ba, Auta ya sha fasa shi. Sai ya jawo injinsa daga shago, ya kafa turken ƙarfe mai sarƙa a ɗaki, ya lanƙwasa zobe a idon sawun ƙaninsa, ya cusa jiƙaƙƙen tsumma tsakanin ƙarfe da fata. Mahaifiyar, kai naɗe da bandeji, tana roƙonsa ya bari. Ya ce ta zaɓa, sarƙa ko likkafani. Shi ma ya tsani kansa, amma ya kunna injin.

Tartsatsi ya zuba a ƙafar Auta, ƙaurin fata ya cika ɗakin. Bai yi ihu ba. Muryoyin sun ɗan lafa masa, kamar yadda sukan yi. Ya dubi aikin da kumburarren ido, don tare suka koyi sana'ar.

"Yaya, wutar ta yi yawa, za ka huda ƙarfen," ya ce. "Rage ta. Kawo in riƙe maka."

Ya sa hannu biyu ya haɗe bakin zoben, ya kau da fuska. Mai walda ya sauke baƙin gilashi a kan idonsa da ya cika da hawaye, ya ɗora wuta.