Darasin Mutumin da Ake Aika Sayen Allura

Malamar adabi ba ta taɓa shiga aji da darasin da ba ta fara gwada shi a kan yayanta ba. Da la'asar take jingina ƙaramin allo a jikin firji, shi kuma ya zauna a kujerar roba, ya haɗe gwiwoyi, ya zama aji guda. Ya girme ta nesa ba kusa ba, har furfura ta soma leƙo masa a gemu, amma tun yana yaro zazzaɓi ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, magana sai ta yi zagaye kafin ta iso shi. Ɗalibi ne na kirki. Ba ya surutu, ba ya neman izinin fita, ba ya kuma cewa an sace masa biro.

Labarin da za ta koyar a wannan makon shi ne matsalar. Wani mutum ne mai jinkirin fahimta, wanda duk ranar da baƙi za su zo gidansu sai a aike shi sayen allura, don kada a gan shi. Ita kuwa Malama, in za ta yi baƙi, ashana take aika yayanta ya sayo. Aljihun teburin kicin ya cika da ita har ba ya rufuwa, a gidan da ake girki da lantarki.

Ta so ta tsallake gwajin ranar, amma kafin ta ajiye jaka ya riga ya goge allon da hannun rigarsa ya zauna. Tsoro ya kama ta sosai, kada ya ji labarin ya gane kansa a ciki. Sai ta yanke shawarar lulluɓe abin da manyan kalmomi, dabarar da ta sha yi wa ɗalibai ba tare da niyya ba.

Ta karanta labarin da gudu kamar mai karanta sanarwar cigiya. Sannan ta juya ga allo.

"Jigo shi ne saƙon labari. Tauraro shi ne wanda labari ke zagayawa a kansa. Zubi da tsari kuwa yadda aka jera abubuwa ne. Yaya, kana bi na?"

"Ina bi, Malama."

Hankalinta ya ɗan kwanta. Saura abu ɗaya, wanda shi ne zuciyar darasin, kuma a kansa ake tambaya a jarrabawa.

"Akwai wani salo da marubucin ya yi amfani da shi. Mai karatu ya san gaskiya, mutanen gidan sun sani, tauraro kaɗai ne bai sani ba. Daga nan tausayi ke fitowa."

Yaya ya ɗaga hannu. Ta yi kamar ba ta gani ba, ta ci gaba da rubutu har ta ja wa kalmar salo layi biyu. Hannun na nan a sama, don shi in ya ɗaga hannu ba ya gajiya.

"Ina jin ka."

"Wa ya ce bai sani ba?"

"Haka masu nazari suka ce."

"Sun tambaye shi?"

"Yaya, labari ne. Ba a tambayar mutumin cikin labari."

Ya shiga juya maganar, leɓensa na motsi. Ta tsaya da alli a hannu tana jiran ta iso.

"To, ya daɗe a wurin mai allurar?"

Ta duba littafin, ko da yake ta san amsar. "Ya daɗe. An ce ya manta hanya ne."

"A'a," in ji shi, ba fushi ba dariya. "Jira yake su tafi. In ka dawo da wuri, sai ka ga Auta ta rasa inda za ta sa fuskarta."

Auta ita ce. A cikin aji bai taɓa kiran ta haka ba.

Kunya ta rufe ta. Shi kuwa ya gyara zama, ya ƙara bayani don kada ta damu.

"Mai shagon ashanar yana ba ni benci. Ba zafi. Sai dai ran da aka yi ruwan nan, ya rufe da wuri, na tsaya a bayan katangar gidanmu."