A Ɗaure Mini Shi

Shekarar da gwamnati ta shiga farautar ’yan adawa, jandarmomi suka kama Garba a Ɗan Issa, yana dawowa daga saida banda. Masunci ne a tabkin Madarumfa, bai san siyasa ba ko a mafarki. Laifinsa kawai yawan tsallaka iyaka.

Uwarsa Ɗelu, wadda ba ta da wani ɗa sai shi, ta taka har Maraɗi, inda aka rufe shi, da ƙullin fura. A hanya ta ga mutane ba su rasa sunan wurin ba: wani ya ce kaso, kalmar da Faransawa suka bar mana, wani ya ce kurkuku, tsofaffi suka ce gidan yari. Ita duk ɗaya ta ɗauke su, tunda ƙofa guda ce.

Mai gadin ƙofar ne ya raba mata zance. Ya ce ɗaurarre shi ne wanda alƙali ya yanka wa shekaru, yana ci yana ragewa. Ɗanta kuwa ba a ɗaure shi ba, an dai tsare shi. Ɗelu har hamdala ta yi, baiwar Allah, ta zaci sauƙi ne.

Damina biyu suka wuce. Ado, ɗan maƙwabciyarta da aka ɗaure kan satar akuya, ya gama wa’adinsa ya dawo, har aka yi masa guɗa. Ɗelu ta je barka, ta koma gida tana kishin uwar ɓarawo, tana kuma jin kunyar kanta.

Ta je ta durƙusa gaban kumandan jandarmomi.

“Ranka ya daɗe, a ɗaure mini shi. Ko shekara goma ce, in dai zan san ranar.”

Tafinta ya juya maganar, ya juyo da amsa: ba a ɗaure wanda ba a yi wa shari’a ba.

Daga baya Ado ya faɗa mata abin da ya ɓoye, cewa tun bara, yana ciki, aka ɗebi su Garba daga kurkukun a mota aka yi arewa da su, kuma ba wanda ya sake jin ɗuriyarsu.

Da ƙarfinta ya ƙare, ta ɗebi gero ta sami liman ta roƙe shi a yi wa Garba sadakar mamaci, ko zuciyarta ta huta. Liman ya tambaye ta.

“Ɗelu, wa ya ga gawarsa?”

Ta ɗauki geron da ta kawo, ta koma da shi gida.