Ranar Karrama Bahago Zazueta

Ni na rubuta sunayen da hannuna, don haka ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Shekarar da filin besbol, wasan jifan ƙwallo da dukanta da kulki, na garinmu San Telmo ya cika shekara sittin, kwamitin wasanni ya ce a karrama manyan 'yan wasa biyar da suka yi tashe a gasar yankinmu. Ni, Ofelia Burgueño, ni ce sakatariya. Huɗu daga cikinsu suna raye. Na biyar, Eleuterio Zazueta, wanda ake kira Bahago, kowa ya san teku ta cinye shi.

Ban taɓa ganinsa ba, a bakin mahaifina na san shi. Daga wani ƙauye na kan duwatsu ya sauko yana saurayi, ya yi wa ƙungiyarmu jifa kaka shida. Mahaifina yakan ce ƙwallonsa tana tahowa salin alin, sai ka kai mata kulki ka tarar ta yi kwana ta bar ka kana dukan iska. A shekarar 1974 wata ƙwallo ta kuɓuce masa ta sami wani ɗan wasan baƙi, Fidencio Armenta, a fuska. Idon hagu ya tsiyaye. Bahago ya ajiye safar hannunsa a kan tudun jifa ya fice, ba a ƙara ganinsa ba. Bayan shekara biyu labari ya zo cewa jirgin kamun jatan lande da yake aiki a ciki ya nutse da mutanensa.

Shi ma Fidencio, wanda yanzu ake ce wa Don Fidencio saboda girmamawa, yana cikin mutum biyar ɗin. Ido ɗaya ya raba shi da wasa, amma ya shekara talatin yana horar da 'yan wasa a arewacin ƙasar, kuma da yawa cikinsu sun yi suna.

Ana jibi biki aka kawo allunan tagulla biyar. Na kira Don Lencho, tsohon da ya shekara goma sha takwas yana ban ruwan ciyawa da shata layuka a filin, na ce ya kafa su a bangon ƙofar shiga. Mutum ne siriri mai farin gemu, ba ya shiga harkar kowa. Ya ɗauki na biyar, ya karanta sunan da shekarar haihuwa da ta mutuwa, ya daɗe yana kallo. Na tambaye shi ko an yi kuskure. Ya ce a'a, ƙusoshin ne dai suka yi gajarta. Ya je ya samo dogaye ya kafa allon.

Ranar Lahadi da hantsi fili ya cika maƙil. Makaɗan badujala suna ta busa, masu gasasshen nama da masara sun tare hanya. Magajin gari ya yi dogon jawabi, aka miƙa wa tsofaffin huɗu riguna masu lambobinsu na dā. Da aka zo kan Bahago, ba wani ɗan uwa da zai karɓa, sai aka ɗora rigar a kan kujera, aka yi shiru na minti ɗaya. Na ga Don Fidencio ya cire hula yana motsa baki.

Daga nan aka ba magajin gari ƙwallo ya yi jifan buɗe wasa. Ya zage ya wurga, ƙwallon ta bi ta gefe ta gangara har bakin shinge, inda Don Lencho yake tsaye da tiyo a hannun dama. Mutane suka kwashe da dariya. Mai cafe ƙwallo ya ɗaga masa safa alamar ya turo. Tazarar ba ta da yawa. Don Lencho ya sunkuya ya ɗauka da hagu, bai ko saki tiyon ba, ya jefa.

Ba jifa ne mai ƙarfi ba, na tsoho ne. Amma ƙwallon ta taho a miƙe, daf da safar ta zame ƙasa, mai cafewa ya damƙi iska. Matasa suka yi ta tafi da shewa. Ni ma na yi dariya, sai na waiga na ga Don Fidencio a tsaye, fuskarsa ta yi fari fat. Bai kalli ƙwallon ba. Yadda tsohon ya karkatar da kafaɗa ya ja ƙafa bayan jifan yake kallo.

Ya sauka daga dandamali, ya ture hannun 'yarsa da ta so riƙe shi, ya ratsa fili da sandarsa. Na bi bayansa don na ɗauka rashin lafiya ce. Makaɗa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya gaban Don Lencho, ya juyo da lafiyayyen idonsa, ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Cire hular nan," in ji shi.

Don Lencho ya cire.

"Eleuterio."

"Na'am, Fidencio."

Makirufo ɗin bikin yana hannuna, na manta ban kashe ba. Duk filin ya ji. Ban taɓa jin mutum dubu uku sun yi tsit haka ba, har ƙarar ruwan da ke kwarara daga tiyo ake ji. Shekara goma sha takwas ina aiken mutumin nan sayen fenti, ina masa faɗa idan ya bar ƙofa a buɗe.

Na ɗauka Don Fidencio zai ɗaga sandar. Ya ɗaga ta kuwa, amma ƙirjinsa kawai ya zungura da ita.

"Kai, tsohon banza. Shekara arba'in da uku ina kunna maka kyandir ranar tuna matattu. Ina sa limamin coci ya ambaci sunanka. Ashe kana nan kana ban ruwa."

Don Lencho ya ce ranar da jirgin ya nutse yana kwance a gaɓa da zazzaɓi, da ya ji an lissafa shi cikin matattu sai ya ga hakan ya fi masa sauƙi. Ya ɗauki sunan kakansa, ya yi ta yawon aikin gona. Da tsufa ya kama shi ya rasa inda zai je sai nan, kuma ba wanda ya gane shi.

"Ba idon ne ya dame ni ba," in ji Don Fidencio. "Ni na shigar da kaina gaban ƙwallon, duk wanda ya san wasa ya gani. Wata biyu ina kwance a asibiti, duk wanda ya turo ƙofa sai in ce kai ne."

"Na zo. Sau uku ina zuwa bakin ƙofar."

"To me ya hana ka shiga?"

Don Lencho ya tsugunna ya kashe ruwan.

Magajin gari ya iso da rigar, yana son ya mai da abin biki, ya ce a rungumi juna a ɗauki hoto. Ba wanda ya kula shi cikin su biyun. Wasu tsofaffi a kan benci suna kuka, wasu suna zagi, suna cewa ya yaudari gari. An dai buga wasan a ranar, amma ko ni ban san wa ya ci ba.

Kafin ya shiga mota Don Fidencio ya kira ni. Ya ce, "'Yata, kina da mota? Ki kawo mini Eleuterio gida ranar Lahadi. Ni da shi mun gama. Matata ce ba su gama ba, ita ta yi jinyata."

Na kai shi. Tafiyar awa huɗu ce, a hanya ya nemi in tsaya ya sayi burodi mai zaƙi, kada ya shiga gidan mutane hannu rabbana. Doña Amparo, matar Don Fidencio, ta buɗe ƙofa, ta dube shi, ta karɓi burodin, ta rufe ƙofar. Muka juyo.

Sati na gaba Don Lencho ya zo ofishina da kansa ya tambaya ko motar tana da mai. A karo na uku ne ta bar shi ya shiga. Ni na zauna a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar lemo, ina jiyo muryarta sama-sama kusan awa guda. Daga baya sai na ji ƙarar kofuna, ta leƙo ta ce in shigo in sha kofi tun bai huce ba.