Wayar da Ta Sha Tururi

Da hantsi Talatu ta shigo filin turara shinkafa ba ta yi sallama ba. Ta wuce matan da ke baza shinkafa a kan tamfol, ta wuce manyan tukwanen da ke kan wuta, ta zo ta tsaya a kan Mansura, ta jefa mata waya a cinya.

"Ga tsiyar da kika sa na saya."

Mansura ce shugabar matan da ke turara shinkafa a wannan ƙauye na kusa da Kura. Su goma sha huɗu ne. Suna sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, daga manoman rani, su jiƙa, su turara, su shanya, a kai inji a casa. Shekara shida ke nan ita ce bakinsu wajen masu saye na Kano, kuma ba don ta fi kowa shekaru aka ba ta ba. An ba ta ne don in ta ce shinkafa ta bushe, to ta bushe.

Ta ɗauki wayar ta juya bayanta. Kyamara huɗu ce a jere, shi ya sa mutane suka sa mata suna Mai-ido-huɗu. A cikin gilashin kowane ido akwai wani farin danshi, kamar an hura wa madubi numfashi. Murfin bayan ya ɗago ta gefe, har farce na iya shiga.

"Zauna mana, Talatu."

"Ba zama ya kawo ni ba. Jiya na tura wa Alhajin Kano hoton shinkafata. Kin san me ya ce? Wai wannan ta kwana biyu a ɗaki, ta dushe. Shinkafar da na casa shekaranjiya! Motarsa ta wuce Bunkure, can ya yi lodi. Kiransa na yi in yi masa bayani, wayar ta ɗau zafi ta mutu a hannuna."

Sauran matan suka bar abin da suke yi. Nafisat, wadda ita ce ƙarama a cikinsu, ta zaro tata daga jaka ta ɗaga.

"Shugaba, ni ma tawa muryarta ta shaƙe. In an kira ni sai ka ce kwaɗo ne a cikin randa."

Ga yadda abin ya faro. Mako uku da suka wuce, Lukmanu, ƙanin mijin Mansura, wanda ke da shagon waya a bakin titin Kura, ya zo gida da wayar a kwali. Ya ce ko a Kano ba ta yi kwana goma da fitowa ba. Ya sa aka kawo bokitin ruwa, ya tsoma ta a gaban mahaifiyarsu Iya, ya ciro ta tana aiki. Mansura ta saya, ta zama ta farko a ƙauyen.

A kwanakin farko wayar ta burge ta ƙwarai. In ta ɗauki hoton shinkafa, ana iya ƙirga ƙwayoyin. Cajinta na kai kwana biyu. A rana ta uku ta tura saƙon murya a babban zauren WhatsApp na masu turara shinkafa, inda akwai matan Kura da Bunkure da Garun Mallam, ta yaba wayar, ta ce ba ta tsoron ruwa, ta faɗi shagon da ake samunta. Mata huɗu daga cikin nata suka sayar da tsofaffin wayoyinsu suka sayi irinta.

Akwai abin da ba ta faɗa wa kowa ba. A rana ta biyar ta ga danshi a idon tata. Ta cusa ta a buhun shinkafa ta kwana, danshin ya ragu, da ta koma bakin tukunya ya dawo. Ta ce a ranta zai wuce. A rana ta takwas Talatu ta biyo ta gidanta za ta Kura sayen wayar, Mansura ta raka ta har zaure, ta ce Allah ya sa alheri.

"Ni tambaya ɗaya nake da ita," in ji Talatu, tana kallon sauran matan ba Mansura ba. "Nawa ƙanin mijin nata yake ba ta a kan kowace waya?"

"Talatu, ki ji tsoron Allah."

"Ke kika ji shi? Gobe da safe a yi taro. In bakinmu ya zama bakin shagon Lukmanu, gara mu sani, mu nemi wani."

Bayan azahar Mansura ta tattara wayoyin biyar a leda ta hau ɗan sahu zuwa Kura. Ta tarar da Lukmanu yana jera sababbin kwalayen Mai-ido-huɗu a cikin gilashi.

"A'a, matarmu da kanta? Ko Yaya ya gaji da ke ne kin zo wajen mijin gaske?"

"Ajiye wasan nan, Lukmanu." Ta zazzage wayoyin a kan teburin.

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Fara'arsa ta tafi. Ya ɗauki allura ya zaro mazaunin layin ta Talatu, ya haska ciki da tocila.

"Kin ga wannan jan ɗigon? Fari yake zuwa. In ya koma ja, danshi ya shiga. Kamfani in suka ga ja, ko kallon takardar ba za su yi ba."

"Ba kai ka tsoma ta a bokiti a gaban Iya ba?"

"Ruwan sanyi na tsoma ta. Na ce ku dafa ta?"

"Wa ya dafa ta? A jaka take, a rataye a wuyana."

"Kina tsaye a kan tukunya tun safe har la'asar, tururi na dukanki. Gam ne ya riƙe bayan nan. Zafi ya narkar da gam, tururi ya shiga. Laifin wa?"

"Laifin wanda ya san sana'armu tun yana yawo ba wando, ya kawo mana waya ya ce ba ta tsoron ruwa. To zafin da take ɗauka fa? Ko a inuwa ka yi kira na minti biyar sai ta ƙona maka kunne. Shi ma tururi ne?"

Lukmanu ya leƙa waje, ya rage murya.

"Wannan kam kowa na kuka da shi. Wani mai injin ban ruwa daga Madobi ya dawo da tasa, batirin ya kumbura. Sun ce za su turo gyara ta intanet."

"Gyaran intanet zai maida murfi?"

Ya sunkuya ya ciro kwali ɗaya daga ƙarƙashin teburi, ya tura gabanta.

"Guda ɗaya dillalin ya yarda ya canza min. Ki ɗauka. Ki riƙa barinta a ɗaki in za ki bakin wuta. Gobe ki nuna musu, ki ce taki lafiyarta ƙalau, su ne ba su iya riƙo ba. Kin ga kayan da na zuba a shagon nan? In maganar ta fita a zauren nan naku, wa zai saya?"

"Wato in ɗora musu laifi."

"Wato ki rufa wa gidanku asiri. Ke kika yi tallar, ba ni na sa ki ba. In na faɗi, tare za mu faɗi."

Mansura ta mayar da wayoyin biyar cikin leda a hankali. Ta bar kwalin a inda yake.

"Za ki dawo ki ɗauka," in ji shi. "Talatu ba za ta bar ki ba."

Kafin ta iso gida labari ya riga ta. Iya na zaune a tsakar gida tana tsinke zogale, ba ta ɗago kai ba.

"An ce kin je kin yi wa yaron nan tijara a shagonsa."

"Iya, ba tijara na yi ba. Kayan ne ba su da kyau."

"Shi ya ƙera su? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Mansura. Matan nan gobe za su manta. Shi kuwa nan zai ci tuwo har ranar da zan mutu."

"To, Iya," in ji Mansura, ta wuce ɗaki.

Washegari matan suka taru a inuwar darbejiya, tukwane biyu kawai aka ɗora. Halimatu Sa'adiyya, wadda ta girme su duka, ita ta buɗe taron da addu'a. Mansura ta raba wa kowa wayarta, ta faɗi abin da Lukmanu ya ce game da ɗigon ja, ba ta ƙara ba ba ta rage ba. Ta rantse ko sisi ba ta karɓa a kan wayar kowa ba.

"Rantsuwa ba wuya," in ji Talatu. "Miƙo taki mu gani."

Mansura ta miƙa. Talatu ta juya bayan, ta daɗe tana kallo. Danshin da ke idon ta Mansura ya fi na kowa, har ya fara barin tabo a gefen gilashin.

"Wannan ya fi nawa tsufa. Yaushe taki ta fara?"

Ba wanda zai iya ƙaryata ta in ta ce shekaranjiya. Mansura ta dubi matan. Wasunsu ita ta koya musu gane shanshera mai kyau da haƙori.

"Rana ta biyar."

"Ni kuma rana ta nawa na saya?"

"Ta takwas."

"Na biyo ta gidanki?"

"Kin biyo."

"Kika ce min me?"

"Na ce Allah ya sa alheri."

Wurin ya kaure. Nafisat ta miƙe tana tafa hannu, tana cewa ita ranar goma ta saya, wayarta ta da lafiyarta ƙalau ta rabu da ita. Wata ta ce ai gara ma a ce la'ada ta ci, an san kwaɗayi ne. Wata ta ce shekara shida ana yi mata biyayya kamar uwa. Da Halimatu Sa'adiyya ta samu ta kwantar da hayaniyar, sai ta tambayi Mansura a hankali me ya sa ta yi shiru a kan danshin.

"Na riga na yabe ta a gaban mata ɗari biyu, Inna. Na ji nauyin in dawo bayan kwana biyu in ce na yi gaggawa. Na yi ta jira ko za ta warke."

"Kin ji nauyi," in ji Talatu. "Ni kuma buhuna goma sha biyu na jin nauyi a ɗaki."

Halimatu Sa'adiyya ta ce a ɗaga hannu. Mutum tara suka ce a karɓe magana da masu saye daga hannun Mansura. Aka ba Nafisat, saboda ta yi makaranta kuma mijinta na da tsohuwar waya mai ɗaukar hoto da kyau. Mansura ta karanta mata lambobin masu sayen ɗaya bayan ɗaya, ta gaya mata wanda ke son doguwar ƙwaya da wanda ba a kiransa ranar Juma'a.

Da ta gama, ta nemi izinin Halimatu Sa'adiyya, ta buɗe babban zauren, ta danna ɗaukar murya a gabansu duka.

"Assalamu alaikum. Mansura ce, wadda ta yabi Mai-ido-huɗu kwanakin baya. Na yi magana bayan kwana uku kacal, kuma ban kyauta ba. Ga abin da muka gani mu biyar. Na ɗaya, tururi na shiga idon kyamara, hoton shinkafa ya fito a dushe. Na biyu, tana ɗaukar zafi ta mutu ana cikin kira. Na uku, murfin baya na ɗagowa. Na huɗu, muryarta na shaƙewa. Mai shago ya ce kamfani ba ya karɓar wadda danshi ya shiga. Tawa ta fara tun rana ta biyar, na yi shiru har wasu suka saya. Duk mai aiki a bakin tukunya, kada ta saya a kan maganata."

Ta tura. Ba a yi minti goma ba wayarta ta yi ƙara, sunan Lukmanu ya fito. Ta ɗauka. Muryarsa na fitowa a shaƙe, tana karkarwa, ba a gane kalma ko ɗaya, amma kowa a wurin ya san ba gaisuwa yake yi ba. Ta saurara har wayar ta yi zafi ta mutu da kanta.

Matan suka fara watsewa. Talatu ta ɗaure wayarta a bakin zane, ta tsaya a gaban Mansura.

"Na yarda ba ki ci kuɗinsa ba. Kada ki ɗauka na huce."

"Ban ɗauka ba."

"Kuma yau a gidanku ba za ki sha ruwa da daɗi ba."

"Na sani."

Talatu ta juya ta kira Nafisat, ta ce ta zo da wayar mijinta su je a ɗauki hoton buhunan tun rana ba ta yi ba. Mansura ta bi su da kallo har suka fita. Wutar tukunyarta ta kusa mutuwa, ta je ta durƙusa ta ƙara ɓuntun shinkafa a murhu.