Ganyen da Hojar Take Bari

A gidan Hojar da ke garin Nurota ba a taɓa gama suzani ba, wato babban zanen ado mai surfanin furanni da ganyaye. Ko shekara aka yi ana surfaninsa da zaren alharini, sai an bar ganye ɗaya fayau a wani lungu, zanen alƙalami kawai, ba zare a ciki. Haka Hojar ta tarar a hannun uwarta, haka kuma ta koya wa 'ya'yanta biyu, Sanobar da Mohira. In an tambaye ta dalili sai ta ce macen da ta rufe ganyen ƙarshe ta shaida wa duniya ba ta da sauran aiki a cikinta, kuma ba ta bar wa 'yarta wurin sa allura ba. Ba wasa take yi ba. Sau ɗaya Sanobar ta cike ganyen tun tana budurwa, don zumuɗi, aka wuni ba a yi mata magana ba.

Da can wannan ganye abin nunawa ne. Baƙi 'yan yawon buɗe ido sukan shigo har tsakar gida, a zaunar da su kan gadon katako a ƙarƙashin bishiyar tut, wadda tsutsar alharini ke cin ganyenta, a ba su koren shayi, Hojar ta ɗaga gefen zanen ta nuna musu, su yi ta gyaɗa kai kamar sun gane. To amma tun da rumfunan bakin marmaro suka cika da suzani bugun inji, mai arha kamar a shagon wawa, direbobi suka daina karyo kwana zuwa layinsu. Shi ya sa Mohira, ƙaramar, ta buɗe musu shago a babbar kasuwar intanet, kasuwar da ba ta da rumfa, ba ta da inuwa, ba kuma wanda za ka riƙe wa riga in ya cuce ka. Daga wannan shago ne yanzu tukunyar gidan take tafasa, da ta maƙwabta uku da ke taya su surfani.

Wata rana da hantsi Sanobar na zaune tana warware zare ja, Mohira ta fito da waya a hannu, fuska ba annuri. Ta waiga ɗakin tsohuwa tukuna, sannan ta rage murya.

"Opa," in ji ta, yadda ake kiran yaya a can, "sun sake maido da wani."

"Ganyen ne?"

"Me kuwa? Wai mun aika wa matar da ta saya aikin da ba a gama ba. Tauraro ɗaya cikin biyar ta ba mu, shi ma da kamar za ta iya ƙwacewa da ta ƙwace."

"Ba ke kika ce kin rubuta musu bayani ba?"

"Na rubuta, har hoton ganyen na sa. Wa ke karatu? Hoton farko suke gani su danna." Mohira ta zauna daɓas. "Ba ma a nan gizo ke saƙar ba. Masu kasuwar sun aiko da gargaɗi. In aka ƙara maido mana da kaya ko sau ɗaya, sun rufe shagon."

Sanobar ta ajiye zaren.

"To mu koma waccan ƙaramar mana, wadda kika ce aikin hannu kaɗai ake sayarwa."

"Na nema. Sun ce masu jiran layi sun yi yawa, mu tuntuɓe su baɗi. Baɗi, Opa! Kafin nan me za mu ci, ganyen tut? Mu tsutsotsin alharini ne?"

"Tohir fa?"

"Dillalin Samarƙand? Wanda zai biya ki kuɗin zare, ya rataye aikin Ona, uwarmu, kusa da na inji, ya ce wa baƙo ya zaɓa? In dai ina raye a'a."

Gaba kura, baya sayaki. Sanobar ta san duk wannan, ta tambaya ne kawai don bakinta ya samu abin yi. Mohira ta ƙara dangwala waya ta miƙo mata.

"Ga wani abin haushin ma. Duba."

Hoton surfanin rumman ɗin Hojar ne, ba ko tantama, da reshensu mai lanƙwasa hagu wanda ba wata mai zane a Nurota da ke yin irinsa. Wani kamfani ya kwashe hotonsu ya buga a yadi mai sheƙi, launi har kala bakwai, a zaɓa. Can a lungu kuma ga ganyen fayau, shi ma an buga shi.

Sanobar ta yi wata dariya marar daɗi. "Wawayen banza. Har inda ba a yi aiki ba sun kwaikwaya."

Ba a yi mako ba ciniki ya faɗo, kuma a kan babban ne. Shi ne suzani na ƙarshe da Hojar ta zana kafin yana ta rufe mata idanu duka biyu. Layukansa ma da rawar hannu a ciki, amma mata biyar sun bi su yadda suke, ba wadda ta gyara. Wata mata ce daga wata ƙasa mai nisa ta saya, ba ta ko nemi ragi ba.

Mohira ta ɗauko zanen ta shimfiɗa a gadon katako, ta juyo da lungun da ganyen yake wajen yayarta, ta ajiye ƙullin koren zare a kusa, ta koma gefe tana sosa kai.

"Ke kin haukace?" in ji Sanobar.

"Ni ban ce komai ba."

"Zaren nan da ƙafarsa ya zo?"

"Opa, ki ji tsoron Allah, ni ma uwata ce. Amma in aka rufe shagon nan, ke za ki je ki gaya wa maƙwabciyarmu Zulfiya ta daina zuwa aiki, ga miji a kwance? Ona ba ta gani. Kafin ta sani kaya ya haye teku."

Sanobar ta tsani maganar, ta kuma tsani gaskiyar da ke cikinta. Ita ba ta yarda cewa koren zare zai rage wa kowa kwana ba, ta yi makaranta. Amma ta san uwarta ta yarda, kuma ta san wannan ganye ba kamar sauran ba ne. Ranar da Hojar ta zana shi ta daɗe da alƙalami a kai, hanci kusan yana taɓa yadi, sannan ta ce, "Wannan nawa ne. Kar wanda ya taɓa."

Bayan azahar tsohuwa ta sha shayinta ta kishingiɗa. Mohira ta tsaya bakin ƙofa kamar mai gadi. Sanobar ta zura zare a allura, sai a karo na uku ya shiga. Ganye ne ɗan ƙarami, bai kai tsawon yatsa ba. Kafin butar shayi ta huce ta gama, ta ciji zaren, ta shafa wurin. Ya yi kyau ƙwarai, abin da ya fi ɓata mata rai ke nan. Washegari Mohira ta kai shi gidan waya.

Kwanakin da suka biyo Sanobar ta riƙa kula da uwarta fiye da kima. In Hojar ta yi tari sai gabanta ya faɗi. In ta rage burodi a faranti sai ta tsaya a kanta har ta cinye.

"Ke wai lafiya?" in ji tsohuwar. "Kina ta shawagi a kaina kamar kaza mai ƙwai. Gado kike jira? Ba ni da komai sai allurai."

Kwanaki suka shuɗe ba labari daga matar da ta saya, har suka fara sakin jiki. Sai wata safiya Mohira ta shigo kicin, ta jingina da bango, ta miƙa wa Sanobar wayar. Wayar ta juya saƙon zuwa harshensu, a karkace, amma ana ganewa. Matar ta ce ita ba baƙuwar suzani ba ce. Ta karanta a shaguna da yawa cewa na gaskiya ana barin ganye ɗaya ba a cike ba, ta ga hotuna, har masu arha ma suna da shi. Ta duba wannan lungu-lungu, ko'ina a cike. Saboda haka na inji ne aka sayar mata da sunan na hannu, kuma ta kai ƙara wajen masu kasuwar.

Sanobar ta karanta, ta sake karantawa. Bayanin da Mohira ta rubuta ne, wanda ba wanda ya karanta a shagonsu. Kamfanin ya kwashe shi tare da hoton, ya manna a kan hajarsa, ya yaɗa wa duniya. Yanzu ganyen Hojar yana jikin kowane yadi mai sheƙi, ban da na Hojar.

"Shagon fa?"

"Sun rufe. Na rubuta musu, na aika hoton hannayenmu, na aika na tukunyar rini. Amsa ɗaya ke dawowa, harafi bai canja ba. Ba mutum a can, Opa. Da bango nake magana."

Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Ranar da ɗan gidan waya ya kawo ƙunshin, Hojar na zaune a gadon katako tana shan hantsi. Kunnenta bai tsufa ba.

"Mene ne aka kawo?"

Mohira ta dubi yayarta. Sanobar ta ce, "Babban ne, Ona. Matar ta fasa."

Ta zaci faɗa za a yi. Sai fuskar tsohuwar ta washe. "Madalla! Da ma raina bai so tafiyarsa ba. Kawo shi nan in ji."

"Bari in kaɗe shi tukuna, ya sha ƙurar hanya."

Sanobar ta shige ɗakin baya da shi, ta ɗauki ƙaramin almakashi. Ta tsinke koren zaren ɗaya bayan ɗaya, ta tsince gutsattsarin da farce, ta hure. Zanen alƙalamin na nan, ya ɗan dusashe. Ta lashi yatsa ta murza yadin, ta ja shi ta nan, ta ja ta can, ta ɗaga shi wajen taga. Ido dai ba zai ce komai ba.

Suka shimfiɗa shi a cinyar Hojar. Tsohuwar ta fara daga tsakiya, tana bin rumman da tafin hannu, tana kiran sunan mai kowane ɗinki. "Wannan Zulfiya ce, tana jan zare kamar mai ɗaure akuya. Nan kuma Mohira ce, sarkin gaggawa." Tana dariya ƙasa-ƙasa. Hannun ya gangara reshen hagu ya nufi lungu, ba ɓata hanya, ya isa ganyen.

Ya tsaya.

Yatsa ɗaya ya zagaya gefen ganyen a hankali, ya shiga ciki, ya sake zagayawa. Ramukan allura ne jere reras, ƙanana kamar ƙwayar gero, irin waɗanda yadi ba ya mayarwa. Dariyar ta ɗauke. Sanobar ta buɗe baki, ta rasa ta inda za ta fara, kasuwa ce ko gargaɗi ko mijin Zulfiya.

Hojar ba ta tambayi wadda ta yi ba. Wanda ya san jan zaren kowa ai ya san sokin allurar kowa. Ta juyo da fararen idanunta daidai inda babbar 'yarta take tsaye.

"Wannan ba bari ba ne, Sanobar, warwara ce."

"Ona…"

"Hannunki ya yi kyau a nan. Ko ɗaya ba ki kauce layi ba." Ta naɗe lungun a hankali ta rufe ganyen, ta ture zanen daga cinyarta. "Mohira, zo ki kama ni in shiga ciki. An riga an sallame ni."